Tambayi Koci: Ƙungiyar Gari Ko Kulob Mai Kuɗi, Ina Zan Kai Yarona?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na ɗauko a wannan watan, ɗaya daga Amurka, biyu daga gida. Na gajarta su saboda ƙarancin fili, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

Koci, barka da aiki. Ina zaune da iyalina a wani ƙaramin gari kusa da Boston a jihar Massachusetts. Ɗana shekararsa 9, yana buga wa ƙungiyar garinmu. Dala 180 nake biya a kowane zango. Kocinsu mahaifin ɗaya daga cikin yaran ne, akanta ne, sa kai kawai ya yi. Atisaye sau biyu a mako, wasa ranar Asabar. Watan jiya kocin wani kulob mai zaman kansa ya tare ni bayan wasa, ya ce yaron yana da baiwa, in na bar shi a gari zai lalace. Kuɗinsu dala 2,800 ne a shekara, ban da riguna da man mota da otal in an tafi gasa. Wasanninsu ranar Lahadi ne, lokacin Islamiyya. Ni aikin dare nake yi a asibiti, ga ƙannensa mata biyu, ga ’yan uwa a Zariya da nake yi wa aike. Amma ina tsoron kada in tauye shi. Me zan yi?

Wani uba, Massachusetts

AMSA

Malam, Allah ya raya mana su. Bar yaron a ƙungiyar gari bana, baɗi ma ka bar shi. Ba za ka tauye shi ba. Amma akwai aikin da ya hau kanka a cikin waɗannan shekaru biyu, kuma shi ne abin da nake so mu tsaya a kai.

Bari in fara da yi wa kocin kulob ɗin adalci, domin ba duk maganarsa ce iska ba. Ƙungiyar gari a Amurka an gina ta ne don kowane yaro ya samu wurin wasa. Ƙungiyar AYSO da aka kafa a Torrance ta jihar California a 1964, dokarta ita ce kowane yaro sai ya buga aƙalla rabin wasa, ya iya ko bai iya ba. A yankinku kuma garuruwa kan kara da juna a ƙarƙashin gasanni irin su BAYS, gasar ƙwallon yara ta yankin Boston. Wannan tsari yana da kyau ƙwarai, amma yana da rauni. Zangon gajere ne, hunturu na shiga ƙanƙara ta rufe fili, shi ke nan sai bazara. Kocin kuma uba ne mai kyakkyawar niyya wanda watakila bai taɓa buga ƙwallo da gaske ba. Irin wannan koci in ya ga yaro mai gudu, sai ya ce a riƙa doka masa ƙwallo gaba yana bi. Za a ci wasa, iyaye su yi tafi, yaron kuma ya kai shekara 13 bai iya tsayar da ƙwallo da ƙafar hagu ba. Kulob mai kyau yana da koci mai takardar shaida, atisayen ya fi yawa, kuma yaron zai haɗu da waɗanda suka fi shi, abin da yake sa ɗan wasa ya farka.

Sai dai ka riƙa tunawa da cewa kulob ɗin kasuwanci ne. Albashin wannan kocin daga aljihun iyaye yake fitowa. Da yawa daga cikin irin waɗannan kulob suna da rukuni na ɗaya da na biyu da na uku a shekaru guda, kuɗin duk kusan ɗaya ne, amma kocin da ya fi ƙwarewa yana wajen rukunin farko. Don haka kalmar “yana da baiwa” daga bakin wanda zai karɓi dala 2,800 a hannunka, ka saurare ta, amma kada ka yanke hukunci da ita kaɗai. Su kansu Amurkawa sun daɗe suna kuka da wannan tsari na biya kafin ka buga. Muhawarar ta yi zafi a watan Oktoban 2017, lokacin da Trinidad da Tobago ta doke su da ci 2-1, suka rasa zuwa gasar cin kofin duniya ta Rasha. Mutane da yawa suka ce ƙasa mai yara miliyoyi a filin ƙwallo ta rufe ƙofa ga ’ya’yan talakawa da ’ya’yan baƙi, waɗanda su ne ƙwallon ke cikin jininsu.

Labarin Clint Dempsey yana nuna fuskokin abin guda biyu. A Nacogdoches ta jihar Texas ya taso, gidan marasa hali, yana buga ƙwallo a fili da ’ya’yan baƙi masu jin Sifaniyanci. A nan ya koyi yanka da taurin zuciya. Da ya shiga kulob ɗin Dallas Texans, tafiyar kusan awa uku ce zuwa, uku dawowa. Har ta kai ya dakata, saboda kuɗin gidan ba za su ɗauki ƙwallonsa da wasan tanis na yayarsa Jennifer a lokaci guda ba. Yarinyar ta rasu a 1995 tana da shekara 16. Iyayen abokan wasansa sun taimaka da kuɗi wajen ci gabansa a kulob ɗin. Wannan yaron ne ya zo ya buga wa New England Revolution, ta nan kusa da ku, ya wuce Fulham a Ingila, ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 57. Kulob ya amfane shi, babu musu. Amma da kuɗin mota sun gagara gaba ɗaya, da Amurka ba ta san shi ba, kuma Allah kaɗai ya san irinsa nawa aka rasa a haka.

Yanzu ga abin da na gani da idona a shekarun da na yi ina horar da yara a filin makarantar firamare. Yaro ɗan shekara 9 abu uku yake bukata: ƙafarsa ta taɓa ƙwallo sau da yawa a kowace rana, ya buga wasa maimakon zaman benci, kuma ya tashi da safe yana ɗokin zuwa fili. Sunan da ke jikin rigarsa ba ya cikin lissafin. Hukumar ƙwallon Amurka ma ta san haka, shi ya sa ta ce ’yan shekara 9 da 10 su buga bakwai da bakwai a ƙaramin fili, ’yan 11 da 12 su buga tara da tara, sai an kai 13 a shiga sha ɗaya da sha ɗaya. Manufar ita ce ƙwallo ta riƙa zuwa ƙafar kowane yaro. To ka yi lissafi da kanka. In kuka yi awa biyu a mota zuwa wata jiha, awa biyu dawowa, yaron ya buga minti 25, me ya ƙaru da shi? Waɗannan awanni huɗu da a bayan gida ya yi su yana buga ƙwallo da bango, dama da hagu, da ya fi riba nesa ba kusa ba.

Ina yawan kawo misalin Norway ga iyayen da suka ɗaga hankalinsu. Tun 1987 suke da ƙa’idojin haƙƙin yara a wasanni. Ba a buga teburin wa ke sama wa ke ƙasa kafin yara su kai 11, ba a gasar ƙasa kafin 13. Erling Haaland a ƙaramin garin Bryne ya taso, a ƙungiyar garin, cikin yara kusan 40 da suka girma tare ƙarƙashin koci Alf Ingve Berntsen. Ba a kori kowa don bai iya ba. Akwai rufaffen fili a garin da yaran kan shiga a ƙarshen mako su raba kansu su yi ta bugawa, babu babba a kansu. Bai bar Bryne ba sai a 2017, yana da shekara 16, ya koma Molde. Haka Alphonso Davies, wanda aka haifa a sansanin ’yan gudun hijira na Buduburam a Ghana. Da iyayensa suka koma Edmonton a Kanada, a wani shirin kyauta na bayan tashi daga makaranta mai suna Free Footie ya fara. Sai da ya kai 14 Vancouver Whitecaps ta ɗauke shi, daga can sai Bayern Munich. Ba ina cewa ɗanka Haaland ne ba, Allah ne masani. Ina nuna maka cewa zama a gari har shekara 13 ko 14 bai hana waɗanda suka kai ƙololuwa kaiwa ba. Manomin tumatir ba ya cire dashe daga gadon reno sai ya yi ƙwari.

Aikin da ya hau kanka kuwa ga shi. Ka cike giɓin da ƙungiyar gari ta bari. Da hunturu ka nemi inda ake buga futsal, ƙwallon cikin ɗaki ta biyar da biyar, kuɗinta kaɗan ne kuma tana gyara ƙafa fiye da komai. Ka binciki inda ’yan Brazil da ’yan Afirka ke haɗuwa su buga ƙwallo da yamma, yankinku cike yake da ’yan Brazil musamman wajen Framingham, ka riƙa kai shi yana shiga cikin yaransu. Wannan shi ne ƙwallon layi da muka taso da shi a gida, wanda yaran Amurka da yawa ba su samu ba. Ka roƙi shugabannin ƙungiyar garin su gwada shi da waɗanda suka girme shi da shekara ɗaya in ya fi ƙarfin sa’o’insa. Ka kuma bar shi ya yi iyo ko ƙwallon kwando. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa kada a kulle yaro a wasa ɗaya tak sai wajen shekara 15 ko 16, kuma ya riƙa samun hutun kwana ɗaya ko biyu a mako. Kai ma’aikacin asibiti ne, ka fi ni sanin abin da gwiwar yaro mai girma take sha in an matsa mata.

Yaushe za ka matsar da shi? In ya kai 11 ko 12, ka ga wasan gari ya daina ba shi wahala, kuma shi da kansa yake neman ƙari, ba kai ba. A lokacin ka je ka zauna a atisayen kulob biyu ko uku, gani ya kori ji. Ka lura ko yara a layi suke tsaye suna jiran a zo kansu, ko kowa da ƙwallonsa. Ka ji ko kocin tambayar yara yake yi ko ihu. Ka tambaye shi kai tsaye rukuni na nawa za a sa ɗanka, wa zai horar da shi, minti nawa zai riƙa bugawa. Ka tambayi tallafin kuɗi ba tare da jin kunya ba, yawancinsu suna da shi amma ba sa shelarsa. Manyan gasannin matasa irin su MLS NEXT, wadda ta fara a 2020 bayan an rufe tsarin horarwa na hukumar ƙasar, daga ’yan ƙasa da 13 suke farawa. Kuma makarantun ƙungiyoyin MLS, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, har da ta Revolution, mafi yawansu ba sa karɓar kuɗi. Wanda ya yarda da yaronka da gaske, shi ne yake kashe masa kuɗi.

Kada kuma wani ya ce maka kuɗin za su dawo ta hanyar tallafin karatun jami’a. Hukumar wasannin jami’o’i ta NCAA da kanta ta ce kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na ’yan wasan sakandare ke samun irin wannan tallafi, kuma a ƙwallon maza yawanci gutsure ake ba yaro, ba cikakke ba. Dala 2,800 sau tara, daga yanzu zuwa ya gama sakandare, dala 25,200 ke nan, ba a sa otal da mai ba. Batun Islamiyya kuwa, ni a ganina bai kamata yaro ɗan 9 ya rasa ta saboda wasan da ba wanda zai tuna sakamakonsa bayan wata guda ba. Su ma ’yan matan ka sa su a ƙungiyar garin, ƙasar da kuke ciki ta ɗauki kofin duniya na mata sau huɗu.

TAMBAYA TA BIYU

Koci, ina gaisuwa. Ni uwa ce, mijina ya rasu shekara uku ke nan. Babban ɗana shekararsa 14, yana aji uku a ƙaramar sakandare, yana buga wa ƙungiyar unguwarmu. Kocinsu tela ne, ba ya karɓar komai sai kuɗin ruwa da na mota in za su wasa. Wani mutum ya zo gidanmu ya ce yana da akadami a Abuja, in na biya naira 850,000 zai ɗauki yaron, cikin wata shida ya kai shi gwaji Turai. Ya ce za a rage masa shekara biyu a fasfo. Ina da fuloti da mahaifinsa ya bari. Yaron ya daina cin abinci saboda na ce sai na yi shawara.

Wata uwa, Kurna, Kano

AMSA

Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan, ya sa ya huta, ya shirya miki zuri’a. Kada ki sayar da fulotin nan. Gadon marayu ne, kuma abin da mutumin ya yi miki alkawari doka ta hana shi.

Sashe na 19 na dokokin FIFA kan sauya sheƙar ’yan wasa ya haramta kai yaro ɗan ƙasa da 18 wata ƙasa don ƙwallo. Akwai ’yan togace-togace, misali in iyayen ne suka yi ƙaura saboda wani dalili da bai shafi ƙwallo ba, ko ɗan Tarayyar Turai mai shekara 16 da zai koma wata ƙasar cikin Tarayyar. Babu wanda ya shafi ɗanki. FIFA ta hukunta Barcelona a kan wannan a 2014, ta hukunta Chelsea a 2019, ta kuma hukunta Spezia ta Italiya a 2021 a kan yaran da aka kai daga Nijeriya. In manyan nan ba su tsira ba, babu wata ƙungiyar kirki da za ta rattaba hannu da ɗan shekara 14 daga Kurna. Abin da yakan faru shi ne a karɓi kuɗin a yi ta cewa biza ba ta fito ba, ko kuma, wanda ya fi muni, a kai yaro wata ƙasa da bizar yawon buɗe ido a bar shi a ɗakin otal babu kuɗin komawa.

Dubi waɗanda suka bi hanya. Ahmed Musa daga akadamin GBS a Jos ya fito, ya buga wa JUTH, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. VVV-Venlo ta Holan ta so shi, amma sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya buga mata. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta ’yan ƙasa da 17 a Chile a 2015, duniya duk ta gan shi, amma sai Janairun 2017 ya zama ɗan wasan Wolfsburg, bayan ya cika 18. Mohammed Kudus ɗan Nima ne a Accra, unguwar da Hausa ke yawo a kowane lungu. A ƙungiyar unguwa mai suna Strong Tower ya fara, akadamin Right to Dream ta ɗauke shi yana wajen shekara 12, ta ba shi ƙwallo da karatun boko ba tare da iyayensa sun biya ba, ya tafi Nordsjælland ta Denmak a 2018 da cikarsa 18. Zaidu Sanusi daga Jega ta jihar Kebbi ya tashi, ya sha wahala a ƙananan ƙungiyoyin Fotugal kafin Porto ta saye shi a 2020.

Ba ina kushe akadami ba ne. Akwai na gaske a ƙasar nan, kuma ɗan shekara 14 mai hazaƙa lokaci ya yi da zai fara samun horon da ya wuce na unguwa. Akadamin gaske tana da fili da za ki iya zuwa ki gani, tana da rajista da hukumar ƙwallon jiha da ta ƙasa, tana buga gasar da aka sani, yaranta suna zuwa makaranta, kuma za ta iya kiran sunayen waɗanda ta yaye da inda suke yanzu. Wasu suna karɓar kuɗin wata daidai misali, wannan ba laifi ba ne. Amma kuɗin gwaji a Turai, ƙungiyar da ta gayyaci ɗan wasa ita ke ɗaukar nauyinsa. In mutumin ya ce shi wakilin ’yan wasa ne, a nemi lasisinsa na FIFA, akwai jerin sunayensu a intanet.

Maganar rage shekaru ita ta fi tayar mini da hankali. Tun 2009 FIFA take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na’urar MRI a gasar ’yan ƙasa da 17. A 2016 fiye da yara 20 na Golden Eaglets, ƙungiyar Nijeriya ta ’yan ƙasa da 17, suka faɗi wannan gwaji dab da wasan share fage, aka haɗa ƙungiya a gurguje, Nijar ta fitar da mu, mu da muke riƙe da kofin duniya a lokacin. Ɗanki shekararsa 14 ta gaskiya, wannan ita ce babbar kadararsa. Ki adana takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya da sakamakon makarantarsa, kada ki bari kowa ya taɓa su.

Shi kuma yaron, kada a yi masa faɗa. Mafarki yake yi, kuma mafarkin ba haramun ba ne. Ki kira kocinsa telan nan da wani kawunsa, ku zauna da shi, a karanta masa wannan amsar. A gaya masa Kano ba ƙauyen ƙwallo ba ce: nan ake buga Kofin Ramat na ’yan ƙasa da 16 da ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON ke shiryawa, nan Pillars take da ƙananan ƙungiyoyinta, kuma masu neman ’yan wasa suna zuwa kallo. Kocin ya nema masa ƙungiya mai rajista a cikin gari wadda ta fi tasu ƙarfi, ya riƙa zuwa daga gida, ya rubuta jarrabawarsa ta aji uku. Ki saya masa takalmin ƙwallo mai kyau in da hali, ya san ba ƙin abin kike yi ba.

TAMBAYA TA UKU

Baba Koci, ni matashi ne, ina horar da yara kusan 30 a filin wata firamare. Da kuɗin facin da nake yi nake sayen ƙwallaye. Duk yaron da na raina ya fara haske, sai masu akadami su zo su ɗauke shi, ko sallama babu. Bana uku suka tafi. Na fara tunanin dainawa.

Wani koci, Tudun Wada, Kaduna

AMSA

Ƙanena, na san wannan ciwon, kuma ba zan ce maka ba ya da zafi ba. Amma kada ka daina, kada kuma ka riƙe yaro in ya fi ƙarfin filinka. In akadamin ta gaske ce, kai da kanka za ka kai shi, ka ga wurin kwanansa, ka ji batun karatunsa. In ta bogi ce, kai ne za ka fara gane ta kafin iyayen, kuma wajibinka ne ka faɗa musu.

Abin da ke cutar da ire-irenmu shi ne rashin takarda. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali yana da kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu’in kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kuma rabin kashi ɗaya. Ka ɗauka an sayar da yaronka Yuro miliyan 10: kowace shekara guda da ya yi a hannunka tsakanin 12 da 15 Yuro 25,000 ce. Akwai kuma kuɗin horarwa da ake biya in ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a waje. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin tarihin rajistar ɗan wasa ta kwamfuta yana tura wa kowa haƙƙinsa. Amma abin da aka rubuta kawai ofishin yake gani. In ƙungiyarka ba ta da rajista, ko yaron ba a shigar da sunansa a ƙarƙashinta ba, shekarunka sun tafi ga wanda ya rubuta.

Don haka wannan makon ka je ofishin hukumar ƙwallon jiha ka tambayi yadda ake rajistar ƙungiya da ’yan wasa. Ka buɗe asusun banki da sunan ƙungiyar, ba da sunanka ba. Kowane yaro ya kasance yana da fayil: hoto, kwafen takardar haihuwa, ranar da ya fara, da sa hannun mahaifi ko waliyyi. Duk wanda zai tafi, a rubuta takardar sallama tsakaninka da inda za shi, kowa ya riƙe kwafe. Ka jawo dattawan unguwa uku ko huɗu su zama kwamiti, har da mai unguwa in zai yarda, domin mai akadami yana iya raina mai faci, amma zai yi tunani kafin ya tsallake su.

Filin ma ka tsare shi. Filayen makarantu da yawa da muka yi wasa a cikinsu yau shaguna ne. Ka samu hedimasta da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, a rubuta cewa an ba ku filin daga bayan la’asar zuwa magariba, ku kuma ku ɗauki nauyin share shi da gyaran raga, a kai kwafe ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.